Jan Kallabin Kyauta

Ranar Talata ce, cikin kaka, shekara biyu kafin Turawa su miƙa mulki. Shinkafar fadamar Wurno ta yi nauyi ta sunkuya, tsuntsaye kuma sun riga masu ita sanin haka.

Da asuba, kafin in fita masallaci, na ji motsinta a tsakar gida. Tana alwala a gindin randa, a hankali, don kada buta ta yi ƙara ta tayar da ƙannenta. Da na dawo na same ta durƙushe gaban uwarta, Fatsuma tana ɗaura mata kallabi. Ba a taɓa barin ta ta yi wannan ɗauri da kanta ba, ko da yake ta kai shekara goma sha biyu. Fatsuma kan ja shi ya kama, ta sa yatsa ta gwada, sa'an nan ta ɗan tura ƙeyar yarinyar, alamar an gama.

"Inna, kin matse min kai. Ƙwaƙwalwa za ta hito ta kunne."

"In ta hito sai mu ga ko da akwai ta," in ji uwar.

Sunanta na yanka Khadijatu. Mahaifiyata, Uwaliya, ita ta sa mata Kyauta, saboda mun daɗe da aure kafin a same ta. Ita ce 'yar farinmu, a gidajenmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Fatsuma ta riƙe wannan kunya sosai. "Ke" take ce mata, in kuma tana zancenta da wani sai ta ce "yarinyar ga". Ni ma ban fi ta da wani abu ba. Yawan sunanta da zan rubuta a nan zai fi wanda bakina ya furta tana da rai.

Da gari ya waye ta sha kunu, ta haɗiye farar ƙwayar da likita ya ba ta, ta yamutsa fuska kamar kullum. Ta rataya gorar fura, ta naɗe majajjawarta a wuyan hannu. Ina hura wa kekena iska a zaure, za ni wani ƙauye kan hanyar Raba duba irin shinkafa, ta zo ta durƙusa.

"Baba, na tahi."

"To. A gaida tsuntsaye."

"Ba gaisuwa tsakaninmu. Yaƙi muka yi."

Habi, 'yar kawunta Halliru, tana jiran ta a ƙofar gida. Suka gangara tare. Na tsaya ina kallon su har suka shige cikin sauran yara masu zuwa tsaro. Nan da nan Habi ta ɓace mini cikin taron, don ita da sauran duk baƙin saƙi ne da fari. Amma jan yana nan, yana lilo a tsakiyarsu, har hanya ta karkata bayan wata tsamiya.

Sai na faɗi asalin jan nan kafin in ci gaba da wannan rana.

Farfaɗiya ta same ta tana 'yar shekara biyar, lokacin ina jami'a a Ibadan ina karatun aikin gona. Ba na nan ranar faɗuwar farko, labari aka ba ni da na zo hutu. Cikin geron bayan gida ta faɗi, geron kuwa ya fi ta tsawo. Aka yi ta nema, maza na kira, yara na kira, uwarta na tsaye bakin katanga ba ta iya buɗe baki. Da aka samo ta ta riga ta farfaɗo, tana zaune, ƙasa cike da bakinta, tana tambaya ko an ci tuwo. A ranar mahaifiyata ta buɗe adudunta ta fiddo wani jan ƙyalle da ta daɗe tana ajiya, ta ce, "Tunda uwatta ba ta kiranta, a sa mata abin da za a hango." Tun daga nan ba a sake ganin kan Kyauta ba ja. In wannan ya koɗe sai a sayo wani. Duk ɗan kasuwar da ke kawo yadi Wurno ya san irin jan da gidanmu ke nema, mai ƙarfi, wanda ba ya kama da jar ƙasa ko zangarniyar dawa. Sauran iyaye kuma suka daina sa wa 'ya'yansu shi, ba tare da an roƙe su ba. A garin nan, in ka hango ja bisa kan yarinya, ɗiyar Malam Siddiƙu ce.

Da shi nake gane ta duk lokacin da motar Sakkwato ta sauke ni. Yara sun yi cincirindo a tasha, fuskoki sun canza tun hutun baya, wasu sun yi tsawo, wasu sun zubar da haƙora. Ba na bin su ɗaya-ɗaya. Tun mota ba ta gama tsayawa ba idona ya sauka kanta. Takan tsaya can baya, ba ta rugowa, ta san an gan ta.

An kafa mata dokoki. Ba ta zuwa kusa da murhu, ba ta leƙa rijiya, ba ta shiga ruwa ko da idon sawu ne. Likitan Turawa a Sakkwato, da na kai ta bayan na gama karatu, ya ba da ƙwayoyin nan, faɗuwar ta ragu, amma dokokin shi ma ya ce a riƙe. In ta faɗi a waje yara kan watse, don an ce musu yawun mai farfaɗiya shi ke ɗauke da ciwon. Habi kaɗai ba ta gudu. Takan juya ta ta kwanta a gefe, ta kawar da duwatsu, ta zauna tana korar ƙuda har ta farka. Na bi gida-gida na gaya wa iyaye ba a ɗauka. Suka saurare ni da ladabi, suka ce haka ne, Malam, yara kuma suka ci gaba da gudu.

Ba yarinya ce mai tausayin kanta ba. Ta sauke izu da yawa a makarantar allo, ta iya saƙar faifai, tana da baki. Abin da ta fi so shi ne ta zauna kusa da ni in na kawo aiki gida. A shekarun nan Baturen gona ya kawo wani farin iri na shinkafa yana son a gwada shi a fadamarmu, aikina kuwa in tabbatar jar shinkafarmu ta gida ba ta cuɗu da shi ba. Nakan zuba irin bisa faifai, ita ta tsince jajayen. Hannunta kamar bakin kaza. Ko na cika faifan har ya yi tozo, ba ta ƙara daɗewa. Wata rana na ce ta fid da karyayyun ƙwayoyi maimakon jajaye. Ta sunkuya tana bi da yatsa, layi-layi, har ta gaji.

"Wanga aiki ba shi da daɗi, Baba. Jan shi ka kirana. Karyayyen sai ni na neme shi."

Na ce haka ido yake. In abin da kake nema ya saɓa da saura a launi, yawansu ba ya hana ka ganinsa. In kuwa launinsu ɗaya, sai ka bi su kowanne da kansa, in suka yi yawa kuma ka daɗe.

Ta ɗauki wata jar ƙwaya ta ɗora a tafin hannunta.

"Kenan haka Inna ka ganina."

"Haka kowa ke ganinki."

"To in na tuɓe hwa?"

"Sai ki zama karyayyar shinkafa, a sha wuya kafin a same ki."

Ta yi dariya har ta zubar mini da iri. Ni ma na yi.

Tana shekara goma ta fara roƙon a bar ta zuwa tsaron tsuntsu. Duk sa'o'inta suna zuwa. Da kaka garin kan zama ba yara da rana, sai ita kaɗai a tsakar gida, tana jin ihunsu da ƙarar gwangwanaye daga fadama. Ba ta yi kuka a kai ba. Kowace safiya dai sai ta zo zaure ta durƙusa, ta gaishe ni, ta ƙi tashi. Fatsuma ba ta so, amma ba ta iya cewa ba ta so, don faɗin haka nuna damuwa ne. Abin da ta ce kawai, "Yadda kag gani, Malam." Halliru, ƙanen Fatsuma, wanda gonarsa ce mafi kusa da tudun da gidanmu yake, shi ya warware maganar. Akwai wasa tsakaninmu, ba ya raga mini.

"Malam, kai da anka kai Ikko da Badun don ka koyo noma, ɗiya guda ta gagare ka shukawa? Ka aje ta ɗaka awa albasa, sai ta ruɓe."

"In ta faɗo daga rumfa fa?"

"Ni ka yin rumfat. In sa mata shinge har ƙugu. In kahwa ta inda yayata za ta hango daga gida, tunda ita dai ba ta tambaya, sai leƙe."

Fatsuma tana jin sa daga ɗaki. Ta ce, "Halliru, bakinka shi za ya kashe ka."

Haka aka yi. Ya kafa rumfar tsaro mai tsayi, da shinge, a gefen gonar da ke fuskantar gari. Sharuɗɗa uku ne: Habi na tare da ita, kallabi na kanta, ba ta zuwa bakin ruwa. Fatsuma ba ta fita, matar kulle ce. Sai ta kifa wani tsohon turmi a gindin katangar bayan gida. In ta hau, fadama duka tana gabanta, kore da ruwan ƙwai har iyakar gani, da ɗigon ja guda ɗaya a tsakiya. Takan hau kamar mai shanya wani abu bisa katanga, ta sauko ta koma aikinta. Wannan kaka da nake ba da labarinta ita ce ta uku da Kyauta ke zuwa. Ban taɓa ganin ta da ƙiba da fara'a kamar a waɗannan watanni ba. Takan dawo da magariba murya a dishe, ta ci tuwo kamar manomi, ta ba mu labarin yaƙin ranar.

Abin da ya faru da hantsi, daga bakin Habi na ji shi. Tsuntsaye, janbaki, sun zo da yawa da safe. Su biyu suka yi ta jan igiyoyin da aka rataya wa gwangwanaye da sakaina, suna ihu, suna jifa da majajjawa. Da rana ta ɗaga tsuntsaye suka koma inuwa, kamar yadda suka saba, sai la'asar kuma. Habi ta sauka ɗebo ƙasar jifa, ta taka wata fasasshiyar kwalba, tafin ƙafarta ya tsage. Kyauta ta yage tsumma daga igiya ta ɗaure mata.

"Tahi gida a sa miki magani."

"Baba ya ce kar in bar ki."

"Kawu ba shi ka zub da jini ba. Tahi. Ni ina nan bisa, ina za ni?"

Habi ta ɗingisa ta hau gari. Gidansu yana ɗaya gefen, ubanta kuma ya tafi yankan dawa a gonarsa ta tudu. Uwarta ta wanke ciwon, ta tambayi Kyauta, ta fito ƙofar gida ta hanga, ta ga ja bisa rumfa. Ta ce in rana ta yi sanyi za ta aika wani.

Da walaha Fatsuma ta hau turmi, ta gani, ta sauko. Kafin azahar ta sake hawa.

Ni na dawo bayan azahar, rana tana dukan ƙeya. Inda hanyar Raba ke hawowa tudu akwai wurin da fadama ke buɗewa gaba ɗaya, kullum a nan nake sauka in tura keke. Na duba, ga shi can, ja, daidai inda ya saba, ya ɗan karkata kamar mai gyangyaɗi. Na ce a raina ƙwayar nan ce ke sa ta barci. Na tsaya kallonsa fiye da yadda na saba, don na gaji, ganinsa kuma yana hutar da ni.

A gida Fatsuma ta kawo mini ruwa. Ta tsaya, ba ta koma ba.

"Malam, da kaz zo, ka ga yaran hwadama?"

"Na gani. Tana bisa rumfa."

"To."

Ta ɗauki kwano ta tafi. Daga baya na gane wannan ita ce tambaya mafi girma da kunya za ta bar ta ta yi. Ta lura jan bai gusa ba tun walaha. Mai rai yakan juya, yakan sunkuya, yakan sauka ya hau. Amma ba ta da hanyar da za ta ce a tafi a dubo mata 'yar fari, alhali kowa na ganin ta zaune lafiya.

Da la'asar tsuntsaye suka dawo. Halliru yana gangarowa daga tudu da lauje a kafaɗa, ya ga sun rufe shinkafarsa baƙi ƙirin, har gindin rumfa, igiya ko ɗaya ba ta motsi. Ya yi ihu daga nesa, "Ke Mai-ja! Biki kika yi musu?" Ba amsa. Ya sheƙa da gudu. Da ya hau, ya tarar an kafa sanda jikin shinge, an kifa gorar fura a kanta, an ɗaura wa gorar kallabi. An ɗaura shi da kyau, irin ɗaurin Fatsuma.

Yaron da ya aiko ya same ni a zaure. Kafin in kai fadama maza sun taru, aka ɗauko Habi a kafaɗa. Tana kuka ta faɗi abin da ta sani. Ba yau aka fara ba. In rana ta take, tsuntsaye suka tafi, Kyauta kan ɗaura wa gora kallabi, su sauka su bi ta cikin shinkafa zuwa tafkunan da ambaliya ta bari, su tsinko bado. Ba ta shiga da nisa. Takan tsaya ruwa iya ƙauri, ta yi ta motsa yatsun ƙafa cikin laka. Ta ce wa Habi ba don ɓoyo take yi ba, don kada Inna ta hau turmi ta rasa ta ne, hankalinta ya tashi. Ta ce kuma in ta cire shi takan ji iska a kanta, ta ji ba wanda ke kallo.

"Wane tabki?" in ji Halliru.

"Kowanne, Baba. Kullum wani muka zuwa."

Tafkunan suna da yawa, manya da ƙanana, sun warwatsu cikin shinkafa da ciyawa har bakin gulbi. Wani dattijo ya tambaya wace tufa ce jikinta. Ni da na yi sallama da ita da safe, na kalle ta har ta ɓace, ban sani ba. Habi ta ce tana jin baƙin zane ne. Aka aika gida, Fatsuma ta aiko da amsa: baƙin saƙi, da 'yar shara mai ruwan toka. Wato kalar laka da inuwa da ruwan da ya kwanta, kalar rabin abin da ke fadama.

Na jera mutane kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda muke yi in muna duba cuta a gona, na ce kowa ya dubi abin da ke gabansa kawai, ya buɗa kowane dunƙulen ciyawa. Mun fara da tsari. Ba a jima ba wani ya yi ihu daga hagu, layi ya karye, kowa ya ruga. Zangarniyar jar dawa ce da ta tsiro ita kaɗai bakin kunya. Muka sake jeruwa. Wani kuma ya yi ihu, ashe tsingaron tukunya ne. Sai shuri, sai wani tsumma da ruwa ya kawo. Kowa ya san kallabin yana hannun Halliru, ya cusa shi cikin aljihu, gefensa ma yana leƙowa. Amma shekara bakwai mutanen nan suna neman yarinyar nan da ja, ido bai yarda ya saki ba. Ni kaina na san dalili, na taɓa bayyana shi bisa faifai, duk da haka duk jan da ya gilma sai kaina ya juya kafin in hana shi.

Halliru ya zo kusa da ni, laka har gwiwa. Ba wasa a muryarsa.

"Malam, idona ya ƙi. Ina duban ƙasa, shina ɗagawa shina bidar ja. Mi za ni yi mai?"

Na ce ya ci gaba da buɗa ciyawa da hannu, hannu ba ruwansa da launi.

Ana ta kira. Kyauta, Mai-ja, ɗiyar Malam. Can, da rana ta yi ƙasa, sai muka ji wata murya daga tudu, siririya, tana ratso fadama. Khadijatu take kira. Mutane suka tsaya cik. Babu wanda ya taɓa jin sunan nan daga wannan baki. Fatsuma ce bisa turmi. Dattijon da ke kusa da ni ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tafiya, kowa ya yi kamar bai ji ba, don ya rufa mata asiri.

Wanda ya same ta baƙo ne. Mainasara sunansa, masunci daga wajen Goronyo, yana bin tafkuna da gora da taru kamar yadda suke yi in ruwa ya fara janyewa. Bai san ta ba, bai san ana neman kowa ba sai da ya ji hayaniya. Ya ce yana wucewa ta wani ɗan tafki da ba bado a cikinsa, sai ya ga farin fure ya taru wuri ɗaya bisa baƙin ruwa, a tsinke, kara-kara. Farin ne ya tsayar da shi. Ya matsa ya ga dalili. Tana kwance rub da ciki, furannin sun kuɓuce daga hannunta sun kewaye kanta. Ruwan bai kai gwiwa ba. Ga alama ta tsinko su a babban tafki, tana komawa rumfa ta ratsa ta nan ciwon ya kama ta. Sawunmu yana bakin wannan tafki, na mutane da yawa. Mun wuce shi tun farkon nema, lokacin da muka ruga wajen jar dawa.

Mainasara ya tuɓe rigarsa ya rufe ta kafin ya kira mu. Na ɗauko ta da kaina. Kitsonta sabo ne, ƙanana, an ja su zuwa baya. Na daɗe rabona da ganin kanta a buɗe, ban san gashinta ya yi yawa haka ba.

Da safe aka kai ta. Aka yi zaman makoki, mutane suka zo daga Raba da Goronyo da Kagara, Baturen gona ma ya zo ya tsaya a zaure da hula a hannu. Fatsuma ta karɓi gaisuwa ido a bushe, kamar yadda ake son uwar ɗan fari ta yi. Ba ta sake kiran sunan ba, har yau. Halliru ya rushe rumfar tun kafin a yanke shinkafa, ya bar wa tsuntsaye wannan gefen.

Ina yawan tunanin waɗancan ranaku da ban sani ba, da take sauka ta bi cikin shinkafa kai a sake. Na tambayi Habi mi suke yi in sun je, ta ce ba komai, tsayawa kawai, wani lokaci Kyauta ta yi waƙa, wani lokaci ta kama kwaɗo ta yi masa faɗa. Da na so in gan ta haka ko sau ɗaya, ko daga nesa. Amma daga nesa ba zan gane ta ba.

Bayan addu'ar arba'in aka fiddo kayanta. Ba su da yawa. Allonta aka wanke aka mayar makaranta. Sauran ƙwayoyi na kai wa malamin asibiti. Majajjawa Habi ta roƙa, aka ba ta. Akwai wani ƙaramin akushi da aka keɓe mata tun farkon ciwon, don baƙi su saki jiki su ci abinci a gidanmu. Aka yi tayin sa, ba wanda ya miƙa hannu, har mabarata. Fatsuma ta ɗauke shi, a cikinsa take ci tun daga ranar.

Sai kallabai. Ashe Fatsuma ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba, tun daga ƙyallen mahaifiyata, duk suna ninke cikin adudu, daga wanda ya koɗe ya zama kamar ƙasa har sabon da ba a taɓa ɗaurawa ba. Ba a iya ba da su sadaka a Wurno. Ba uwar da za ta sa wa 'yarta, in ma an sa, duk garin zai juya ya duba. Fatsuma ta ce a kai marina.

Na kai da kaina. Marinin ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya ce ja ba ya mutuwa da tsomi ɗaya, sai an yi ta mayarwa. Na ce ya mayar har ya mutu. Ya riƙe su mako guda. Suka fito baƙaƙe, irin wanda kowace yarinya ke ɗaurawa. Na ɗaure su bayan keke na kai Raba ranar kasuwa, na ba wani limami da bai san mu ba, na ce ya raba wa marayu mata. Ya tambaya ko in tsaya in ga waɗanda za a ba, na ce a'a.